Ƙusoshin Bahago

Asabar, 2 ga wata, da hantsi

Likita ya ce in riƙa rubuta abin da na yi kowace rana da abin da na manta. Na ce masa, likita, abin da na manta ta yaya zan rubuta shi? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Matata, da nake ce wa Tsohuwa, ta harare ni, ɗana kuma ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

To ga shi ina rubutawa a bayan tsohon littafin awona. Shekara arba'in da ɗaya ina kafinta, ban taɓa sa komai a cikinsa ba sai tsawo da faɗi.

Sun sa ranar yi mini tiyata: Litinin, ɗaya ga wata mai kamawa. Kwana talatin ke nan. Ba zan rubuta sunan abin da aka nuna mana a hoton kaina ba. Ni dai baƙo nake ce masa, tunda ya sauka ba sallama. Likita ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma bai yi mini alkawarin cewa wanda zai tashi daga gadon aikin ni ne na yanzu ba. Wannan maganar na ji ta da kyau, ita kam ban manta ba.

Abu ɗaya nake so in yi kafin ranar. Shekara biyu jikokina suna roƙona in yi musu ɗakin wasa a bayan gida, na sama, mai tsani, irin wanda suka gani a littafin makaranta. Na yi wa rabin garin nan ƙofa da gado, su kuwa kullum amsata ɗaya ce, gobe. Yau da safe Amarya, babbar jikata, mai shekara bakwai da bakin 'yar saba'in, ta riƙe ƙugu a gabana ta ce, "Tsoho, in ba ka yi mini benen nan ba, sakina za ka yi in auri mai gini." Na ce mata kafin watan nan ya mutu za ta hau.

Na san ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai ba ni da wata ranar.

Litinin, 4 ga wata, bayan la'asar

An ɗebi jini, an ce mu dawo Alhamis. Litinin da Alhamis ke nan har zuwa ranar. Daga asibiti na sa ɗana ya biya da mu layin masu katako. Na zaɓi ginshiƙai huɗu da kaina, na ƙwanƙwasa kowanne na saurara. Mai katakon ya so ya cusa mini wani mai tsaga a tsakiya, na ce masa tun yana tsumman goyo nake sayen katako a layin nan.

A mota ɗana ya ce, "Baba, da ka bari mun kira wani ya yi, kai ka zauna kana nuna masa."

Na ce, "Wani wa? Wanda na koya wa?"

Ya ce, "To ni in taya ka."

Na ce, "Ticha, hannunka na alli ne. Riƙe allinka."

Ya mayar da idonsa kan titi. Tsohuwa ta zungure ni ta bayan kujera. Ai ban yi ƙarya ba. Malamin makaranta ne, shekararsa talatin da takwas, rabonsa da guduma tun yana ɗan goma sha ɗaya.

Laraba, 6 ga wata, da yamma

Ramuka huɗu, zurfin ƙafa biyu kowanne, kusa da bishiyar lemo. Na shafe gindin ginshiƙan da baƙin mai saboda gara. Tsohuwa da surukata suka riƙe mini ina zuba siminti, Tsohuwa na ta mita wai ita kafinta ta aura, ba a gaya mata har da leburanci a ciki ba. Daɓen ɗakin, na katako, zai tsaya daidai ƙirjina don in iya aikin ina tsaye a ƙasa. Ƙafa shida ta kowane gefe.

Ƙaramin jikana, ɗan shekara huɗu, wanda nake kira Lauya saboda tambaya, ya ga ina zana ɗan zagaye da fensir a jikin katako. Ya ce, "Kaka, katakon ya ci ƙwai? Bai yi karatu ba?"

Na zaunar da su na gaya musu dokoki biyu da maigidana ya koya mini tun ina yaro a shagonsa. Ta farko, duk mahaɗar da ka buga wa ƙusa ka girgiza ka ji ta tsaya, ka sa mata zagaye, don ka san ka gama da ita. Ta biyu, kafinta shi ke fara hawa abin da ya kafa. In zai faɗi, ya faɗi da mai shi, ba da ɗan mutane ba. Saboda haka ba wanda zai hau benen nan sai na hau na yi tsalle a kai.

Amarya ta ce, "Kai ɗin? Tsalle?" Ta yi dariya har da faɗuwa.

Alhamis, 7 ga wata, da azahar

Na yi awa guda ina neman fensir. Yana bayan kunnena.

Asabar, 9 ga wata, bayan la'asar

Siminti ya kama. Na sassaƙa wa kowane ginshiƙi gurbi, na ɗora manyan katakai huɗu da za su ɗauki daɓen. Sun zauna daram. Na buga, na girgiza, na sa zagaye.

Abin da likita ya ce in rubuta: na yanke falanki ɗaya ya gaza da taƙi guda. Na sake aunawa, na yanke wani, shi ma ya gaza. Ina duba tef ɗin in ga lamba, kafin in kai fensir jikin katako ta zube a hanya, kamar mai ɗebo ruwa da kwando. Na ɓoye gajerun biyun a bayan tankin ruwa don kada Tsohuwa ta gani. Ni da nake korar yaran shago a kan ɓarnar katako.

Lauya ya mayar da ƙarƙashin benen garejinsa. Ya kai kujerarsa 'yar tsugunno da jar motarsa ta roba, can yake wuni. Na ce ya bari a gama, ya ce ai shi ba hawa ya yi ba, shiga ya yi, doka ba ta hana shiga ba. Wannan yaron sai ya ci kotu.

Litinin, 11 ga wata, da azahar

Ɗana bai raka ni asibiti ba. Wai yana da aji. Surukata ce ta kai mu, ni da Tsohuwa da Lauya. Tun da aka fara wannan zirga-zirga bai taɓa fashi ba sai yau.

Aji ai aji ne.

Talata, 12 ga wata, da safe

Na girgiza katakan daɓe, ko motsi. Har sun fi yadda na bar su ƙarfi a tunanina. Na ji daɗi sosai, na kira Tsohuwa na ce ta zo ta ga aikin mai ciwo. Ta taɓa ta ce, "Uhm, ya yi," ta koma wankinta da sauri. Mace ba ta san darajar aiki ba.

Na fara shimfiɗa falankai. Yanzu da na auna sai in rubuta lambar a bayan hannuna kafin in ɗaga kai.

Alhamis, 14 ga wata, bayan la'asar

Yau ma yana da aji.

Mun zauna awa uku a benci. Kusa da ni wani dattijo ne, 'ya'yansa maza biyu, ɗaya riƙe da katinsa ɗaya da gorar ruwansa. Na kawar da kai na yi ta kallon bencin. Wanda ya haɗa shi bai iya aiki ba, ƙafar baya ta fi ta gaba tsawo.

Likita ya ce in ƙirga daga ɗari zuwa ƙasa, ina cire bakwai-bakwai. Na kai tamanin da shida na tsaya. Ni da nake lissafin rufin gida guda a ka ina shan shayi. Ya kuma ce daga yau ba hawa tsani, ba hawa benci, ko kujera kada in taka, domin jiri zai iya ɗaukata ba shiri. Na ce to. Tsohuwa ta ce, "Likita, wannan to ɗin na san shi, shekara arba'in ina jin sa."

A hanya na ce da surukata, "Mijinki lafiya dai?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba, jarabawa ce ta matso." Ba ta kalle ni ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na san ban kasance uba mai sauƙi ba, amma ban zaci a wannan watan za a rama ba.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Daɓe ya kammala. Na ɗora lemo a tsakiya, bai gangara ko'ina ba. Saura makarin gefe da zai hana yara faɗowa, tsani, rufi. Saura kwana goma sha shida.

Hannun dama ya yi mini nauyi yau, kamar na wani na aro.

Lahadi, 17 ga wata, bayan azahar

Na sunkuya ƙarƙashin daɓen zan ɗauko wa Lauya motarsa, na ɗaga kai, na ga abin da ya hana ni cin abinci.

A kusurwar da ke wajen bishiyar lemo akwai ƙusoshi uku manya, an buga su a karkace yadda ya kamata, amma daga hagu suka shiga. Ni daga dama nake bugu. Shekara arba'in da ɗaya, ko a mafarki daga dama nake bugu. Na duba sauran kusurwoyin, na samu wasu biyu a nan, wasu huɗu a can.

Ban tuna na buga su ba. In ni na buga, to baƙon nan ya kai inda yake juya mini hannu ban sani ba. Na zauna a ƙasa na daɗe. Tsoro nake ji, tsoro sosai, kuma ba wanda zan gaya wa sai littafin nan.

Litinin, 18 ga wata, da azahar

Aji.

Na yi awa guda ina neman fensir. Yana bayan kunnena. Na buɗe littafi zan rubuta, na ga na taɓa rubuta haka.

Talata, 19 ga wata, bayan magariba

Muna cin abinci ni da ɗana a kwano ɗaya. Ya miƙo hannu, na ga farcen babban yatsansa na dama ya yi baƙi ƙirin, jini ya kwanta a ciki. Ba kafintan da bai san wannan farcen ba. Na ce me ya same shi, ya ce ƙofar mota. Ƙofar mota ba ta cizo haka. Kuma wanda ya daki yatsansa na dama, da hagu ya riƙe guduma.

Ɗana bahago ne. Haka aka haife shi. Bahago ma ake kiransa har ya shiga sakandare.

Yana ɗan shekara tara na fara zuwa da shi shago. Yana son aikin, ya fi duk yaran shagon son sa. Amma in ya ɗauki zarto da hagu sai in ji kamar ana zagina. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na ƙwace, na mayar dama, ya mayar hagu. Na doki hannun da gefen ma'auni ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ranar ƙarshe ya yi wata 'yar kujera a ɓoye ya kawo mini yana murna, na juya ta na ga ƙusoshin daga hagu, na ce a gaban kowa, "Kai ba za ka taɓa zama kafinta ba. Tafi gida." Ya tafi. Bai sake taka shagon ba, ni ma ban sake kiransa ba.

Ashe ajin Litinin da Alhamis a bayan gidana ake yin sa. Ana kai ni asibiti, shi yana bin aikina yana gyarawa, kamar yadda nake bin na sabon yaro in ya tashi.

Na wanke hannu na tashi. Ban san ko kunya nake ji ko fushi ba, amma fushin ya fi sauƙin ɗauka.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta yadda ya faru, don kada gobe in gyara wa kaina labarin.

Na jira ɗana ya tafi makaranta, Amarya ma ta tafi. Lauya yana garejinsa, uwarsa ta kira shi wanka ya fita da gudu. Na ɗauki guduma na nufi kusurwar bishiyar lemo. Na ce a raina, zagayena yana jikin katakon nan, ga shi ina gani, ni na gama mahaɗar nan, ba na bukatar ƙusar kowa a aikina. Na zare ta farko. Na zare ta biyu. Ta uku ta yi gardama, na dafa katakon na fizge.

Katakon ya zame daga gurbinsa. Kusurwar daɓen gaba ɗaya ta rufto.

Ta sauka a kan kujerar Lauya. Kujerar ta rabe biyu, jar motar ta baje kamar an taka gwangwani. Minti biyar kafin nan yana zaune a wurin yana yi wa motar kukan inji da baki.

Surukata ta fito da gudu, yaron a hannunta da kumfar sabulu a ka. Ta kalli kujerar, ta kalle ni, ta juya da yaron. Da ta zage ni da ya fi mini.

Bayan sun shiga na duba ginshiƙin da kan katakon. Ramin ƙusa uku ne kawai, duka daga hagu. Nawa babu ko ɗaya. Zagayena yana nan, kyakkyawa, da hannuna. Na sa alamar na gama, ban buga komai ba.

Alhamis, 21 ga wata

Ban je asibiti ba. Ban fita ɗaki ba.

Juma'a, 22 ga wata, da hantsi

Tsohuwa ta kawo shayi ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Malam, ka gama?"

Na ce, "Na gama me?"

Ta ce, "Girman kan. Ai ka san rawanin me ne."

Ta gaya mini tun washegarin da na ɗora katakan ɗanmu ya gani. Ya je ɗauko Lauya a ƙarƙashi, ya dafa katakon ya ji yana motsi. Ya duba duka, ya samu mahaɗa uku ba ƙusa, kowacce da zagayenta. Ya rasa yadda zai gaya mini. Ya roƙi shugaban makarantarsu aka sauya masa darussan safiyar Litinin da Alhamis. Har tambaya ya je ya yi wurin wani tsohon yaron shagona, yadda ake buga ƙusa a karkace, ya ce kada a gaya mini.

Na ce, "Ke ma kin sani?"

Ta ce, "Wa kake zaton yake tsare ka a ƙofa in mun dawo da wuri?"

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini. Ta ce, "Ya ce in aka karɓe maka aikin nan, ba abin da zai kai ka ɗaya ga wata."

Shayin ya huce a hannuna. Ba ni da abin yi. Kan da zan yarda da shi babu, hannun ma ya fara tafiya.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

An kewaye benen da igiya, an hana yara zuwa wurin. Amarya ta leƙo ta taga ta ce, "Tsoho, yaushe?"

Na ji bakina ya ce, "Gobe."

Ta daɗe tana kallona, ba ta ma yi barazanar auren mai gini ba. Ta sauke labulen a hankali.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Na sami ɗana a bayan gida da safe, tsaye gaban igiyar, hannu a aljihu. Na tsaya gefensa. Mun yi kusan minti goma muna kallon katakon da ya rufta kamar masu ta'aziyya.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Bai kamata in taɓa maka aiki ba tare da..."

Na ce, "Ƙusa inci huɗu ka sa. Wurin nan inci biyar yake so."

Ya ce, "Babu inci biyar a akwatinka."

Na ce, "Akwai. A gwangwanin madara, ƙarƙashin samfefar goge katako." Na miƙa masa guduma. Ya miƙo dama, kamar yadda ya saba karɓar komai daga hannuna. Na riƙe ban saki ba. Ya kalle ni. Ya sauke dama ya miƙo hagu.

Mun ɗaga kusurwar da jak ɗin motarsa, dabarar da ba ta taɓa zo mini ba. Ni na riƙe katako, shi ya buga. Bugu huɗu ƙusa ta shige. Ba wanda ya koya masa sakin wuyan hannu haka, nasa ne. Na kawar da kai na ce ƙurar katako ce ta shiga mini ido.

Ya ba ni fensir in sa zagaye. Na ce, "Wanda ya buga shi ke sawa."

Talata, 26 ga wata, da yamma

Makari ya tsaya ta gefe uku. Yana dawowa daga makaranta ko riga ba ya cirewa. Ni nake faɗin yadda za a yi, shi yake aunawa, in na faɗi lamba ya ce to, sannan ya sake aunawa a ɓoye. Ina ganinsa. Na bar shi.

Na sa ya rage tazarar sandunan makarin, don kan Lauya kada ya shige. Wannan kam ni na tuna, ba shi ba. Na rubuta ne don a sani.

Laraba, 27 ga wata, da azahar

Na so in ce ya miƙo mini abin nan. Abin bugu. Ina kallonsa a hannunsa, na san nauyinsa, na san inda ƙotarsa ta tsage na ɗaure da waya, sunan ya ƙi zuwa. Na yi ta nuni da yatsa kamar ɗan yaye.

Guduma. Guduma. Guduma. Na rubuta sau uku.

Alhamis, 28 ga wata, bayan la'asar

Ya raka ni asibiti. Shi ya riƙe kati, shi ya riƙe gorar ruwa. An ba mu takardu ya sa hannu a inda aka ce. An ce ranar Litinin mu iso ƙarfe bakwai, kada in ci komai tun daren Lahadi.

Muna zaune ya girgiza bencin ya ce, "Baba, ƙafar bayan nan ta fi tsawo." Na yi dariya har mutane suka waiwayo.

Asabar, 30 ga wata, bayan magariba

An gama. Kwano uku a sama, tsani mai hawa biyar, an goge ko'ina da samfefa. Shi ya hau jarka da tebur ya buga rufin, ni ina ƙasa ina riƙe da ƙafar tebur ina faɗa, aikin da na iya ke nan yanzu.

Aka kwance igiya. Amarya ta ɗora ƙafa a hawan farko, Lauya ya riƙe mata riga ya ce, "Doka! Kaka ne zai fara. Zai yi tsalle."

Na matsa na kama tsanin. Hawa biyar ne kawai. Na yi rufin gidaje masu hawa uku ina tafiya a kan katako ɗaya da ƙusa a baki. Na ɗora ƙafa ɗaya, bishiyar lemo ta juya, katangar gida ta kwanta. Na sauke ƙafar. Na sake gwadawa, Tsohuwa ta ce, "Malam," a hankali, ba da faɗa ba. Na riƙe tsanin da hannu biyu har ƙasa ta tsaya wuri ɗaya.

Na waiwaya na ce da ɗana, "Hau."

Ya ce, "Baba, ai kafinta ke fara hawa."

Na ce, "Na sani. Ni na faɗa. Hau."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya cire takalmi ya hau, ya sunkuya saboda rufin, ƙaton mutum a ɗakin yara. Ya yi tsalle sau ɗaya. Na sa tafin hannuna a jikin ginshiƙin ina saurare. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Ko ƙis. Ya juya mana baya ya daɗe yana duba wata ƙusa da ba abin da ya same ta.

Yaran suka haye da ihu. Amarya ta leƙo ta saman makari ta ce, "Tsoho, na fasa auren mai gini! Ana hango har titi! Zo ka gani!"

Na ce daga nan ma ina gani.

Lahadi, 31 ga wata, da yamma

Sun wuni a sama, can aka kai musu abinci. Surukata ta kawo mini kujera ƙarƙashin bishiyar lemo, ta ce, "Baba, ya yi kyau." Maganarta ta farko ke nan gare ni mai tsawo tun ranar Laraba waccan. Na ce ta yafe mini motar Lauya. Ta ce, "Mota ce kawai, Baba." Mu duka mun san ba mota ba ce.

Na gyara akwatin kayan aiki. Na shafa wa zarto mai. Na kai akwatin ƙofar ɗakin ɗana na ajiye ban ƙwanƙwasa ba.

Akwai maganar 'yar kujerar nan ta shekara ashirin da bakwai. Sau uku yau na buɗe baki. Ba sunan ne ya ɓace mini ba wannan karon, na san kalmomin sarai. Sun dai ƙi fita.

Litinin, 1 ga wata, ƙarfe shida na safe

Suna jirana a mota. Na ce su ba ni minti biyar.

Na zaga bayan gida na girgiza kusurwa huɗun. Duk zagayen da ke jiki yanzu na gaskiya ne.

Wannan na rubuta wa wanda zai tashi daga gadon, in ya tashi, in kuma ya iya karatu. In ka ga ɗakin katako a bayan gida ka tambayi wa ya yi, kada ka yarda in sun ce kai ne, don su faranta maka. Sunkuya ka duba ƙusoshin. Daga hagu suka shiga. Ɗanka ne, kafinta ne, kuma 'yar kujerar da ya kawo maka tana da kyau, ba abin da ya same ta. Ka gaya masa. Ni na kasa.

Zan bar littafin nan a kan hawan farko na tsani, a buɗe, da fensir a ciki.